Fuskar Bukar a cikin gem

Shekara tara ke nan da yayana Bukar ya tafi duba gonarsa a hanyar Konduga, bai dawo ba. Ba mu ga gawarsa ba. Wayarsa ma ta tafi tare da shi, kuma a cikinta 'yan hotunansa suke, don mutum ne da bai son tsayawa gaban kyamara.

Gidan gem yake da shi a Galtimari: talabijin biyu, benci, da janareta mai tari kamar tsoho. A lokacin, 'yan ƙwallon cikin gem duk fuskarsu ɗaya, sai ka ce daga katako aka sassaƙo su. Ko a jikinsa. Goge sunayen Turawa yake yi ya sa na samarin unguwa, a yi ta ihu har magariba.

Yau fa? Gem ɗin bana har gumi za ka gani a goshin ɗan wasa, ciyawa na kwantawa, riga na jiƙewa. Da Bukar na nan, na san tsaki zai fara yi, sannan ya hana kowa taɓawa. Har wuri aka yi inda za ka ƙera mutum da kanka, ka zaɓi ido, hanci, haɓa.

Abin da ya ja mini ke nan. Ɗansa Modu, wanda ya bari a goye, ya miƙo mini hannun gem ranar Juma'a.

"Baffa, ƙera mini Babana. Ina so in gan shi."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Tsayinsa na sani, baƙinsa na sani. Na nemi tsagar Barebari da ke kumatunsa, babu. Masu ƙera gem ɗin sun tuna da gumi, amma ba su san da mu ba. Da aka jero mini hanci iri-iri kuwa, sai na yi turus. Mutumin da muka tashi ɗaki ɗaya! Wallahi na kasa tuna hancinsa, kuma na ji tsoro. Mahaifiyarmu da za ta gyara mini ta rasu bara, uwar yaron ta yi aure a nesa.

To me ya rage na Bukar? Suna, tsayi, da ni mai mantuwa. Na saci kallon yaron, na zaɓi hanci irin nasa, ido irin nasa, na ce shi ke nan.

Modu ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin, ya daɗe yana kallo.

"Baffa," ya ce, "ashe kamarmu ɗaya."