Karen da Na Hana Gudu

Shekarar da ruwa ya ci gonar gerona ta bakin tafki, makiyayan da suka yi rani a bayan ƙauyenmu, kusa da Warra, suka tashi suka bar kare. Ja ne, haƙarƙari duk a waje, kunne ɗaya a yage. Ya maƙale a bayan rumfar da matata take bandar kifi, yana cin ƙaya da hanji. In ka wuce shi a tsaye, gurnani kawai zai yi. Amma in ka sunkuya, ko da takalminka za ka gyara, sai ya haukace da haushi, jiki na ɓari, wani lokaci har ya kawo cizo kafin ya arce.

Ban daɗe ba na gane dalili. A wajenmu ba a korar kare da baki. Sunkuyawa ake yi a ɗauki dutse, in babu dutsen a yi kamar an ɗauka. Duk mun iya, kuma ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Shi kuwa iyakar abin da ya sani game da ɗan Adam ke nan.

Ga shi gidanmu gidan durƙuso ne. Inna, mahaifiyata, a ƙofar gida take yini a kan tabarma, dab da rumfar, kuma duk wanda ya zo sai ya kai gwiwa ƙasa ya gaishe ta. Ranar da ƙanwar matata ta zo daga Yelwa ta durƙusa, karen ya yi kanta ya yage mata gefen zane.

Inna ta kira ni ta ce, "Ka ji ni da kyau. In karen ga ya taɓa jikin mutum, masu sayen karnuka na zuwa ran kasuwa. Ba ni son magana biyu."

Na san inda masu sayen karnuka suke kai su. Na ce da ita ai tun zuwansa kyanwa ta daina yi mana ɓarnar kifi. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Tausayinsa nake ji, kuma kunyar faɗa nake yi.

Sai na fara. Kullum in na dawo daga duba koma, wato ragar da nake kamun kifi da ita, na tsaya can nesa, na juya masa gefe, na sunkuya a hankali na ajiye kan tarwaɗa, na yi tafiyata ban dube shi ba. Mako biyu yana yi mini haushi. Ranar da na yi gaggawa na matsa kusa, sai da muka koma farko. Na bi shi taki ɗaya ɗaya, har ya zamana in na sunkuya kunnensa ne yake tashi, ba gashin wuyansa ba. Daga nan na roƙi matata ta riƙa yi, sannan ƙanena, sannan duk baƙon da zai yarda ya karɓi kan kifi daga hannuna. Maƙwabta suka samu abin dariya. Wai na buɗe wa kare makaranta, wai har durƙusa masa nake yi.

Wata biyar aka yi. Ya yi ƙiba, gashinsa ya kwanta. Mutane su durƙusa gaban Inna yana kwance yana kaɗa wutsiya. Inna ba ta yabe shi ba, ta dai daina zancen ran kasuwa. Na yi alfahari, ba zan ɓoye ba. Har na fara barinsa ya bi ni bakin ruwa.

Wata hantsi jirage sun dawo, ana ta sauke kifi. Ina kwance igiya, sai karen ya matsa yana shinshina kwandon wani maƙwabcina, magidanci mai furfura, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Na ga mutumin ya sunkuya. Ba tsakuwa ya ɗauka ba, dutsen da ake danne koma ne. Na buɗe baki zan yi magana, amma karen ya riga ni. Da ya ga an sunkuya, sai ya taho da sauri, kai a sama, wutsiya tana kaɗawa. Mutumin ya jefa dutsen, a tsakiyar ka ya same shi. Ya yi ƙara sau ɗaya, ya ɗan shura ƙafa a cikin laka, shi ke nan.

Mutumin ya tsaya yana kakkaɓe hannu, kamar ma shi aka yi wa laifi. Ya ce, "Wallahi tsorata shi kawai nis so in yi. Wane irin kare na wanga da ba shi gudu?"

Mutane suka ce haka ne, kare ne fa, a yi haƙuri. Ba wanda ya daina awon kifinsa. Na so in zage shi, na so in ɗauki dutsen nan, amma tambayarsa tana da amsa kuma ni na san ta. Abu ɗaya karen nan ya zo da shi wanda ya raya shi a cikinmu, ni kuma na yi wata biyar ina raba shi da shi, da kan tarwaɗa.

Na ja shi da kaina zuwa bayan gona na binne. Har yau ina gaisawa da mutumin, amma ban yafe masa ba, kuma ban yafe wa kaina ba.