Rabin Maganar da Na Kai Masallaci

Ni ne na yi kuskure, kuma ina sane na yi shi.

A shekarun farko na kafa shari'ar Musulunci ina acaba tsakanin Daura da Mai'adua. Bayan la'asar mukan zauna a ƙofar gidan wani tsohon malamin firamare, wanda shi ne na'ibin limamin unguwarmu, yana fassara mana labaran rediyo. Da zaɓen Amurka ya matso, ya ce jam'iyyu biyu ne ke juya ƙasar. Ɗaya ta masu ra'ayin riƙau ce, suna zuwa coci, suna ƙin zubar da ciki. Ɗayar ta masu sassauci ce, ta fi kula da talaka da baƙo. Ya ce a zancen tarbiyyar iyali ta farkon ta fi kusa da mu, amma kada mu ɗauki ko ɗaya tamu.

Na ce ai duk kafirai ne, babu wani bambanci.

Ya yi murmushi ya ce, "Kai da ko kansilanku ba ka san jam'iyyarsa ba?"

Aka yi mini dariya. Na riƙe abin a raina.

Jam'iyyar riƙau ta ci zaɓe, daga baya ta kai yaƙi ƙasashen Musulmi. Wata Juma'a da rediyo ta faɗi mutanen da aka kashe, na tsaya a bakin masallaci na ce Malam da bakinsa ya ce waɗannan mutanen sun fi kusa da mu. Ƙarshen maganar tasa na haɗiye shi. Waɗanda aka yi zaman da su suna tsaye, babu wanda ya gyara.

Cikin sati biyu mutane suka daina binsa salla. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga darasin da yake koya musu, wanda yake ci da iyalinsa da shi. Bai taɓa tare ni ba. Ya sayar da gidan ya koma Sandamu wurin ƙanensa.

Na yi shekara shida ina kewaye hanyar Sandamu. Da na ji ciwo ya kwantar da shi, na je. Na same shi a zaure, idonsa ya mutu, ya rame ƙwarai. Muryata ya gane.

"Ɗan acaba ne? Har yanzu ana siyasar?"

Na durƙusa. Na ce, "Malam, na yanke maganarka da gangan, don an yi mini dariya. Na raba ka da masallacinka da gidanka, ba ni da abin da zan mayar maka. Don Allah ka yafe mini."