Wanda Mai Aski Ya Turo

Sana'ata ita ce horar da samari masu son shiga soja ko ɗan sanda, shi ya sa ake ce mini koci. Ina koya musu gudu da tsalle, da yadda mutum zai tsaya gaban jami'i gwiwarsa ba ta kaɗa ba. Kafin rikici har allo na kafa a bakin titi. Da aka fara bin masu kaki gida-gida ana harbewa, da hannuna na tumɓuke allon na faskara shi, matata ta dafa tuwo da shi. Tun daga lokacin ɗalibi ba ya zuwa mini sai ta bakin wani.

Haka na dinga zaga Potiskum ina rabon fara'a. Teburin mai shayi, ɗaurin auren da ba a gayyace ni ba, direbobin keke, har ma'aikatan da ke fitowa daga coci ranar Lahadi, kowa sai na raɗa masa cewa koci yana nan bai mutu ba. Amma duk cikinsu babu kamar wani mai aski a unguwar Dogo Tebo, Babarbare mai surutun tsiya. Da kanka ya shiga hannunsa, sai ya tatsi labarinka har na kakarka. In ya gamsu da yaro, sai ya yi masa ƙwal-kwabo, sannan ya gaya masa filin da muke haɗuwa. Bai taɓa turo mini mai gashi ba. Rabin abincin gidana ta bakinsa ya zo, kuma ko sau ɗaya bai bar ni na manta ba.

Wata safiya muna cikin motsa jiki, sai ga mutum biyu sun shigo filin, ɗaya da doguwar riga duk da zafin da ake yi. Na gaban ya yi sallama ya ce, “Kai ne koci? Mai aski ne ya turo mu.”

Na dubi kansa. Gashi cunkus. Na dubi na biyun, shi ma haka.

“Ku watse!” Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Mai doguwar rigar ya zaro bindiga. Harbin farko ya samu wani ɗalibina ɗan Fika, wanda ya gama digiri ya rasa aiki, kuma duk ya fi sauran gudu. A wuya ya same shi. Ya faɗi yana shure-shure, jini na tsartuwa kan takalmin da ya aro. Sauran suka fantsama, wasu ta katanga, wani ta cikin ƙaya. Ni da nake zagin su kullum kan rashin sauri, sai ga ni ina gudu kamar akuyar da ta tsinke igiya. Harsashi ya yage mini naman ƙafa, ban ma sani ba sai da na faɗa zauren wasu mutane, matar gidan ta tura ni bayan buhunan wake tana salati.

A gadon asibiti ba tsoro ne ya cika ni ba, fushi ne. Na rantse in na ga mai askin nan sai na shaƙe shi, tunda bakinsa da ba ya rufuwa ya kashe ɗan mutane.

Ashe yana ɗakin da ke kusa da nawa. Na dogara sanda na shiga da zagina a baki. Na tarar fuskarsa ta kumbura, idonsa ɗaya a rufe, hannayensa biyu naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Ƙaninsa ya ce yana buɗe shago mutanen nan biyu suka shiga, suka ɗora hannunsa kan benci, suna dukan yatsun da gindin bindiga ɗaya bayan ɗaya suna tambayar inda nake.

Da ya gane ni sai ya fara hawaye. “Koci, wallahi na yi ƙoƙari,” ya ce da Hausarsa ta Barno. “Na hagu duka na bar musu, ban ce komai ba. Da suka zo na dama ne na faɗa. Da shi nake aski.”

Ya ce yana jin ƙishi. Na zauna a gefen gadon na riƙe masa kofi ya sha.