Keken Ɗinkin Mama Saratu

Makera

Ana idar da sallar Asuba na fito daga gidanmu na Makera, rungume da kan keken ɗinki nannaɗe cikin tsohon zani, raina a ɓace. Ɗanlami mai napep, maƙwabcinmu, yana jira a ƙofa.

Ga abin da ya fito da ni. Ni da ƙannena mun biya wa Baba kujerar Umra, washegari jirgi zai tashi, sai tsoho ya ce shi fa ba inda za shi sai an mayar da keken nan ga mai shi. Keken na Saratu ne, matar Yohanna abokin aikinsa a masaƙa. Lokacin da gari ya rikice ta kawo shi da gudu ta ce, "Malam, ajiye min, jibi zan dawo." Jibin ke nan har yau, sama da shekara ashirin.

"Hadiza," in ji Baba, "mutanen Makka na neman ran Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, amma kayan ajiyarsu na ɗakinsa. Bai yi hijira ba sai da ya bar ɗan baffansa ya mayar wa kowa nasa. Ni ne zan je garinsa da kayan mutane a ƙarƙashin gado?"

Kudenda

Nan Baba ya san gidansu, a layin ma'aikata. Kafin mu isa muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani ya leƙo ya ce, "Madam, wetin you carry?" Na buɗe masa, ya ga baƙin ƙarfe na ƙyalli, ya ɗaga mana hannu. Gidan kuwa ya zama shagon cajin waya. Wata mai ƙosai ta ce sun daɗe da komawa Trikania. Muka sayi ƙosan, muka wuce.

Trikania

Mun sha yawo. Duk wanda na tambaya sai ya ce, wane Yohanna? Rana ta take kafin wani tsohon kafinta ya gane shi. Ya ce ai ya rasu, matar tana Sabon Tasha wurin 'yarta, kusa da coci. Na ce wace coci? Ya yi dariya, don ya san a Sabo coci ba ta ƙirguwa.

Na kira Baba na ce, tunda mun yi iya ƙoƙarinmu, a ba da shi sadaka a huta. Kamar na buɗe famfo. Ya ɗauko min tarihi tun daga yadda Larabawan hamada suka karɓi Sham da Masar, har dukiyar sarkin Farisa da aka ɗauko zuwa Madina ba wanda ya soke ko allura a aljihu. "Kina zaton takobi kaɗai ya yi wannan aikin? Amana ce!" Na ce Baba, caji zai ƙare, na kashe. Allah ya yafe min, wayata cike take.

Ɗanlami kuma ya fara noƙewa. Tun wancan rikicin bai sake shiga cikin Sabo ba, iyakarsa bakin titi. Na ji bakina na cewa, "Haba Ɗanlami, Musulmin farko ma da aka matsa musu, wurin sarki Kirista suka gudu a Habasha, ya riƙe su."

"Hajiya, ke ma kin zama Baba," ya ce, ya tada napep.

Sabon Tasha

Cunkoso a hanya sai ka ce ba za a motsa ba, ni kuwa ido na kan rana. Da muka isa na bar zancen coci, na nufi layin teloli a kasuwa. A shago na wajen ƙarshe wata matashiya ta ce, "Saratu? Mamata ce." Ga tsohuwa zaune a lungu, idonta ya yi rauni.

Na durƙusa na ce, "Mama, ni 'yar Malam Garba ce na Makera." Na ɗora mata keken a cinya. Ta shafa shi, ta juya hannun, sai ga shi yana gudu sumul.

"Wa ke sa masa mai?"

"Baba. Kowace Juma'a. Bai taɓa bari mun yi ɗinki da shi ba."

Ta fashe da kuka. Ta ce an gaya mata layinmu ya ƙone ƙurmus, ta ji nauyin zuwa tambayar keke a gidan da wataƙila aka yi rashi. Ni da na wuni ina mita, kunya ta rufe ni, na taya ta kukan.

Da ta ji Baba zai tafi Makka sai ta ce lallai in kawo farin ƙyallen nan da alhazai suke ɗaurawa ta ɗinke masa shi riga mai kyau. Na ce, "Mama, harami ai ba a ɗinka shi riga." Ta ce, "To me za a ɗinka? Ba za ki koma hannu biyu ba." Muka tsaya a kan jakar takalmi. 'Yarta ta zura zare, ita ta juya da hannunta. Ɗinkin ya karkace, ba wanda ya gyara.

Gida

Ana kiran Magariba muka shigo Makera. Baba na zaune bakin gado inda na bar shi.

"Ta karɓa da hannunta?"

"Da hannunta, Baba."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Ɗanlami da ya haƙura da bakina. Na miƙa wa Baba jakar, ya daɗe yana bin karkataccen ɗinkin da yatsa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki takalmansa, ya kakkaɓe, ya zura a jakar, ya ce, "To, ƙarfe nawa ne jirgin?"