Ya'u Mai Sikeli a Kujera ta Bakwai

Duk wanda ya taɓa kai riɗi ko dawa rumbun kamfanin Awlad Hatim, bayan kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ya san Ya'u mai sikeli. Gajere ne, da guntun fensir a bayan kunne, kuma tun yana ɗan shekara ashirin da biyu yake tsaye a wuri ɗaya. Yanzu ya haura sittin. Abin da yawancin masu kawo kaya ba su sani ba shi ne, wannan mutum mai ƙurar riɗi a gira memba ne a majalisar daraktocin kamfanin. Ni na sani, domin shekara goma sha ɗaya ni nake rubuta abin da aka tattauna a zaman majalisar.

An haife shi a kambo, wato ƙauyen ma'aikatan gona, a gefen wani babban mashru'i kusa da Ƙala'at an-Nahal. Mashru'i shi ne irin gonar nan da ake nomawa da tarakta, wadda idan ka tsaya a wannan iyaka ba ka hango waccan. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, ya ce bari ya tsaya yankan riɗi na kaka ɗaya, kuma har yau jikokinsa suna nan. Gonar ta Hajj Hatim ce, wani attajirin hatsi mai saurin fushi da saurin hucewa.

Wata rana a lokacin kaka Hajj ya iske lorinsa a tsaye, ba a loda komai. Ya'u ne a kan sikeli, ya ƙi auna buhunan wani manomi saboda mutumin ya tafi salla. Hajj ya yi ta faɗa har rawaninsa ya kwance. Ya'u ya bari ya gama, sannan ya ce shi ba ya ɗora buhu sai mai buhu yana tsaye yana gani da idonsa. Bayan mako guda Hajj ya ɗauko shi zuwa Gadarif, ya danƙa masa babban sikelin kamfani. Daga baya kuma ya yanka masa fili faddan biyar, kusan eka biyar ke nan, a gefen mashru'in, kyauta, da baki kawai. Ƙanwarsa Ma'u, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita take nomawa.

A shekara ta 2003 kamfani ya girma, aka ce dole a yi masa majalisar daraktoci. Hajj ya ƙirga kansa da 'ya'yansa da ƙannensa, ya ga shida. Ya san jininsa, ya san ranar da suka rabu uku da uku ba mai raba su. Sai ya sa aka rubuta wa Ya'u 'yan hannayen jari, aka ba shi kujera ta bakwai.

Sau huɗu a shekara Ya'u yakan yi wanka na musamman, ya sa farar jallabiya, ya naɗa rawani, ya hau benen ofis ya zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Idan Hajj ya ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. Da Hajj ya rasu, babban ɗansa Mohanad ya zama shugaba, sai Ya'u ya koma kallon hannun Mohanad. Da hannun nan nasa an gina injin matse mai, an buɗe ofis a Bur Sudan, an sayi lorori arba'in, an sayar da ashirin daga cikinsu. Idan ya koma gida matarsa Jummare takan ce, "Malam, yau me kuka saya?" Shi kuma ya ce, "An ce mun sayi wata ma'aikata, amma ban ji a wane gari ba." Na duba litattafaina kaf, ban ga inda na taɓa rubuta maganarsa ba, in ban da amsa sallama.

Kada a ɗauka wawa ne. Ya'u yana iya damƙar riɗi ya murza, ya gaya maka gonar da aka yanko shi da kwanakin da ya yi a rana. Amma a ganinsa maganar jiragen ruwa da kasuwar Sin ba tasa ba ce, kuma mutum ba ya tsoma baki cikin abin da bai shafe shi ba.

A 2020 wasu masu zuba jari daga ƙasashen Larabawa na Khaliji suka sayi kashi ɗaya cikin uku na kamfanin. Aka sauke ƙannen Hajj biyu, aka ɗora wakilan baƙin. Tun rasuwar Hajj 'yarsa Malaz ce a kujerarsa, don haka majalisa ta zama Mohanad, da ƙannensa Taha da Sami da Malaz, da baƙi biyu, da Ya'u. Baƙin suka zo da kundin ƙa'idoji mai shafi arba'in, suka kuma kawo wata lauya, Ustaza Lamis, ta zama sakatariyar majalisa. Gaskiya kamfanin yana bukatar ƙa'idojin. Kafin zuwansu, Sami ya taɓa zama a majalisa ya kaɗa ƙuri'a aka sayi tayoyi daga shagon surukinsa a farashin da ko a mafarki ba a sayar da taya. Aka ba kowa kundin ya sa hannu. Ya'u ya sa nasa a inda aka nuna masa, ya kai kundin gida, Jummare ta ajiye a ƙarƙashin katifa don kada gara ta ci.

Bayan shekara biyu Mohanad ya kawo shawara: a sayar da haƙƙin noman mashru'in Ƙala'at an-Nahal, kamfani ya bar noma ya tsaya a kan saye da fitarwa waje. Rahoton masana ya ce ƙasar ta gaji. Mai sayen ya riga ya fito, kuma ya faɗi ƙarara cewa da injina zai yi aiki, ba ya bukatar hannu, kuma filin da kambo yake a kai yana cikin ciniki. Gida tamanin da bakwai ne a wurin.

Majalisa ta rabu. Mohanad da baƙi biyu suna son a sayar. Taha da Sami da Malaz ba sa so, wani don tunawa da ubansu, wani don kawai Mohanad ne ya kawo maganar. Kowa ya iya lissafi. Mohanad, wanda rabonsa da taka rumbu tun yana yaro, sai ga shi a gaban sikeli yana ce masa Ammu Ya'u, wato baffa, yana tambayar lafiyar gwiwarsa. Taha kuwa har gida ya je da buhun sukari. Ya'u ya yi wa kowannensu godiya, ya ce abin da zai faɗa a majalisa zai faɗe shi.

Ma'u ta zo daga kambo a bayan lori, ta zauna a ƙarƙashin rumfa tana kaɗe ƙura daga mayafinta.

"Yaya, an ce kana cikin masu yanke maganar. Sahi ne?"

"Ina ciki."

"To alhamdu lillahi. Mutane sun ce in gaya maka, tunda namu yana ciki, hankalinsu ya kwanta."

Abin da Ya'u yake da shi na faɗa ba ƙarami ba ne. Shekara arba'in duk buhun da ya fito daga gonar nan ta hannunsa ya bi. Ya san ɓangaren arewa ne ya mutu, inda aka yi shekara goma sha biyu ana zuba dawa a kan dawa har ciyawar wuta-wuta ta cinye wurin. Ya san yankin da aka bari ya huta shekara uku saboda taraktoci sun lalace, da aka koma masa ya ba da kusan ninki biyu. Ya san masanan da suka rubuta rahoto a arewa kawai suka tsaya, domin nan ne mota take iya shiga. Mako uku yana maimaita wannan magana a tsakar gida, Jummare tana tankaɗe tana gyara masa. Ita ce ta ce ya daina farawa da tarihin kakansa.

Aka yi zaman a watan Maris, da hantsi, zafi ya riga ya fara. Ya'u ya zo kafin kowa. Na lura bai zauna kusa da ƙofa ba, ya matsa ciki da kujera ɗaya. Mohanad ya buɗe taro, Ustaza Lamis ta karanta abin da ke gaban majalisa, sannan ta yi tambayar da ƙa'ida ta ce a yi kafin babbar shawara.

"Ko akwai memban da shi ko danginsa na kusa suke da wani abu nasu a cikin wannan magana?"

A baya duk sanda ta yi tambayar nan shiru ake yi, a wuce. Ran nan Ya'u ya miƙe tsaye, ya gyara rawani. Fuskarsa a sake take. A wurinmu, idan ana shari'ar gona ko rigimar awo, wanda abin ya shafa shi ake fara saurara, wanda ba ruwansa kuwa sai ya ja baya. Shi a zatonsa an kira mai kaya ne ya matso kusa da sikeli.

"Ni ne, ya Ustaza. A kambon nan aka haife ni. Ina da faddan biyar a gonar, ƙanwata tana zaune a can da 'ya'yanta. Duk ɗakin nan babu wanda maganar ta shafa kamar ni. Saboda haka ina so in ce..."

Taha ya dafe kai. Malaz ta rufe ido. Lamis ta buɗe kundin a hankali, kuma ni da nake kusa da ita na ga ba da daɗin rai take yi ba.

"Ammu Ya'u, ma'alesh, ka yi haƙuri. Ƙa'ida ta goma sha huɗu ta ce wanda yake da abu a cikin magana ba ya tattauna ta, ba ya kaɗa ƙuri'a. Zai fita sai an gama."

Ya'u ya dube ta, ya dubi Mohanad.

"Wato wanda ya san gonar shi zai fita?"

"Wanda yake da rabo a cikinta," in ji ta.

Taha ya yi wuf ya ce ai faddan biyar ɗin nan babu su a kowace takarda, tsoho ne kawai yake faɗa, a bar maganar. Lamis ta juya ta tambayi Ya'u kai tsaye: filin nasa ne ko ba nasa ba ne? Taha yana ta ƙifta masa ido kamar wanda tsakuwa ta faɗa wa. Yanzu kam Ya'u ya gane abin da ake ciki.

"Hajj ya ba ni a gaban mutum biyu. Su duka sun rasu, amma ya ba ni. Kuma Ma'u ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Na rubuta lokacin fitarsa, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, domin ƙa'ida ta ce a rubuta. Na ji haushi ƙwarai, kuma har yau ban san wanda zan ɗora wa ba. Lamis aikinta ta yi. Dokar ma ba don irin Ya'u aka yi ta ba, amma shi ta kama.

Aka yi kusan awa guda ana magana. Taha ya yi maganar ubansu, Sami ya yi maganar Mohanad. Ba wanda ya ambaci ɓangaren arewa ko wuta-wuta, domin ba wanda ya sani. Aka ɗaga hannu, uku da uku. Kundin ya ce idan an yi kunnen doki shugaba yana da ƙuri'a ta biyu. Mohanad ya yi amfani da ita.

Da na fito na iske Ya'u a kan benci a baranda, rawaninsa a cinya. Na gaya masa an sayar. Ya ce in ara masa kuɗin mota, ya fito babu ko sisi a aljihun jallabiyar taro. Taha ya ce zai buga waya kambo ya sanar da su, Ya'u ya ce a'a, ba a gaya wa mutane irin wannan a waya. Na ce zan raka shi, muka nufi tasha.

Mun isa bayan la'asar. Mutane suna ganin farar jallabiya suka taso daga bukkoki, maza a gaba, mata a baya da yara a goye. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin aduwa, ya ƙi zama. A tsaye ya gaya musu an sayar, kuma an ba su zuwa farkon damina. Wani dattijo ya ce inna lillahi, sauran suka amsa.

Ma'u ta ratso maza ta tsaya a gabansa.

"Yaya, ka gaya musu maganar arewa? Ka gaya musu wurin da ya huta?"

"Ban gaya musu ba."

"To me ka ce?"

"Ban ce komai ba, Ma'u. Ina waje aka yi."

"Wa ya fitar da kai?"



"Ni na fitar da kaina."

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga murya. Mutane suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya suna komawa bukkokinsu. Ma'u ta tsaya har kowa ya watse, sannan ta tambaye shi ko ɗakin da ke bayan gidansa na Gadarif zai ɗauke ta da yara biyar.