Ranar da Na Yi wa Mai Jego Tafinta

A shekarar da gwiwata ta fara ƙin hawan bene aka kawo wata amarya daga Maraɗi, gidan da ke saman namu a unguwar Zahir, cikin Makka. Mijinta ɗan Makka ne kamar ni, jikan alhazan ƙasar Hausa da suka zo suka zauna. Uwarsa ta daɗe da rasuwa, 'yan'uwansa mata kuma duk suna aure a Jidda. Ita ba ta jin Larabci, don haka ni ce abokiyar hirarta, duk da Hausata ta sha gauraye har takan yi mini dariya.

Gab da Hajji ta haifi ɗa namiji, bakwaini. Bayan suna mijin ya wuce Mina aikin jagorancin alhazai, aikin da ba a dawowa gida sai an watse. Babu uwar da za ta dafa mata ruwan wanka, babu gwaggon da za ta karɓi jariri ta ce je ki kwanta. Yaron kuwa kuka yake wuni guda, muna jiyo shi ta rufin ɗakinmu. Ina aika mata abinci, amma hawa sama sai jefi-jefi.

Wata safiya aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Nas ce daga asibitin gwamnati na unguwa, cikin masu bin gidajen sababbin iyaye. Ta ce da ni da Larabci, "Hala," wato inna, "an ce kina jin yarenta. Ki taimaka ki hau da ni."

Muka iske ɗakin da duhu, labule a sake, kwanon da na aiko jiya ko buɗe shi ba a yi ba. Nas ta auna yaron, ta duba cibiyarsa, ta ce lafiyarsa lau. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da uwar, ta ce in tambaye ta yaushe rabonta da barci.

Na tambaye ta. Yarinyar ta dube ni, ba nas ba, ta ce, "Inna, jiya da ya ƙi yin shiru na ɗaga shi sama. Zuciyata ta ce in jijjiga shi har ya daina. Ban yi ba, wallahi ban yi ba. Amma ina tsoron kaina." Ta riƙe bakin zanena. "Kada ki faɗa mata. Za su karɓe shi su mayar da ni Maraɗi."

Nas tana kallon bakina, tana jira. Ni ma ban san abin da hukuma ke yi a irin wannan ba. Na dubi yaron, kansa bai fi lemo ba. Na ce, "'Yata, zan faɗa. In an zo ɗaukarsa, sai an fara ɗauke ni." Na juya na faɗa, ban rage ko kalma ba.

Nas ta kama hannun yarinyar. Ta ce in gaya mata uwar da ta faɗi wannan da bakinta uwa ce mai neman tsare ɗanta, kuma ba ita ce ta farko ba. Ta ce jijjiga jariri na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada, ko ya kashe shi. Idan abin ya sake taso mata, ta kwantar da shi rigingine a gadonsa, ta fita ta ja ƙofa, ta yi alwala, ta kira mutum. Kukan ɗan lokaci ba zai cuce shi ba. Ina fassarawa, yarinyar tana kuka.

Nas ta sa aka kai ta wajen likita, ta kuma riƙa zuwa duba ta kowane mako. Ni kuma na sa ta sauko ɗakina da yaron har aka gama Hajji. Da mijin ya dawo, nas ta zaunar da shi ta yi masa magana doguwa. Ya fito idonsa jawur, ya ce mini, "Hajiya, ban sani ba." Daga ranar, in ya taso aiki shi ke zagaya falo da yaron a kafaɗa.

Yarinyar ta ɗau lokaci tana jin nauyina, ba ta iya haɗa ido da ni. Daga baya suka koma unguwar Kudai, kusa da sabon wurin aikinsa. Da ta sake samun ciki, ita da kanta ta je asibitin can ta ce a turo mata nas mai zuwa gida. Da Larabcinta ta faɗa, ba ta nemi kowa ya raka ta ba.