Harsashin Karnukan Kara

Shekarar da aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Gana, ina tuƙa lori tsakanin Kumasi da Wagadugu. Da can goro nake kaiwa in dawo da shanu. A waɗannan watanni kuwa mutane nake kaiwa, in dawo fayau.

Layinmu a Zongo ya zama kamar kufai. Wasu gidajen an sa musu kwaɗo, wasu ƙofa a buɗe, turmi na nan tsakar gida da taɓarya a ciki. Mai gadin karan shanu, wani tsoho Bazabarme, shi ma ya tafi, ya bar karnukansa biyar. Mu kuma ba masu ciyar da kare ba ne. Suka fara da kaji, suka koma tumaki, har suka ciji wata mai sayar da koko a ƙauri. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sun daina haushi. Da rana tsaka sai ka same su zaune a ƙofar gidan da ba kowa, duk sun fuskanci waje guda.

Dattawan unguwa suka ce a harbe su. Akwai wani maharbi Badagombe a Tafo mai bindiga da lasin, amma harsashi ya ɓace a kantunan Kumasi. Ya samo takardar izni wajen 'yan sanda, ya damƙa mini, ya ce in sayo masa a ƙasar Faransa, yadda muke kiran hayin iyaka a lokacin.

Na sayi kwali biyu a kantin wani Kwara, Balaraben fatake, a Wagadugu, na ajiye su kan kujera kusa da ni. A hanyar dawowa na tsaya a garin Po, kafin iyaka, in zuba wa mota ruwa. Mutanen da aka kora suna nan zube ƙarƙashin itatuwa da ƙunshin kayansu. Sai na ji an ce, "Direba, ya mutanen Kumasi?"

Mai gadin karan shanun ne. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Muka gaisa, ya leƙa ta tagar mota, idonsa ya tsaya kan kwalayen.

"Na wa ne?"

Na ce, "Baba, saƙo ne."

Ya dube ni, na san ya gane na karnukansa ne. Sannan ya ce, "Kada ku bi su da gudu, za ku karya musu ƙafa kawai su shiga daji su sha wahala. Ka kira su, za su zo."

Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, dogo ɗaya, gajeru biyu. Ya sa na maimaita har na iya. Bai roƙe ni komai ba, ya koma gindin itacensa.

A Paga jami'in iyaka ya karanta takarda, ya buɗe kwalayen, ya jera harsasan a tsaye bisa tebur, jajaye, yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Cikin Hausarsa ta koyo ya ce, "Massa, kowa yana fita, kai kana shigo da wannan. Wa ya rage za ka harbi?" Na ce kare. Bai yi dariya ba. Ya buga hatimi ya ɗaga mini sandar tare hanya.

Ranar Asabar da hantsi muka je kara ni da maharbin. Ba shanu, sai ƙudaje. Na yi fiton. Ba a jima ba suka fito daga bayan shinge a guje, suna kaɗa bindi, suna wuce ni suna neman wani a bayana. Da ba su gan shi ba suka zauna a gabana. Huɗu ne. Maharbin ya yi aikinsa, kuma ko bayan harbin farko babu wanda ya tashi daga inda yake. Da ya gama, ya ce shi tunda yake farauta bai taɓa ganin haka ba.

Ta biyar, wata tsohuwar karya, ba ta zo ba. Washegari na same ta a tashar Kejetia, zaune nesa kaɗan da lorina, tana kallona. Haka jibi, haka gata. Na sauya wurin ajiye mota, ta same ni. Na jefe ta da dutse, ko motsi ba ta yi ba. Matata ta ce in je wajen malam, na je, ya ba ni rubutu na sha, karyar na nan.

Ranar da na yi lodin goro zan koma arewa, na tarar da ita kwance bisa buhuna. Na ƙyale ta. Kwana biyu muna tafiya ba ta ci abin da na jefa mata ba. Muna tsayawa a Paga ta diro, ta bi ƙarƙashin sandar, ta miƙe hanya.

A Po na nemi tsohon. Waɗanda suka rage gindin itacen suka ce ya samu mota ya wuce Yamai tun kwana goma. Na tambaye su ko sun ga karya ta wuce. Wata mata ta ce ta gani, ba ta ko tsaya shan ruwa ba.